Kada Ka Gina Kwaɗo A Cikin Bango: Yadda Ake Tsara Ƙofar Shiga Manhaja

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau maganarmu a kan ƙofa ce. Ƙofar manhaja nake nufi, wato shafin nan da ke tare ka tun farko ya ce sa lambar wayarka, sa kalmar sirrinka, ko ka danna nan ka shiga da Google. Yawancin masu koyon haɗa manhaja suna ɗaukar wannan shafi a matsayin aikin rabin yini. A yi akwati biyu, a sa maɓalli, a wuce zuwa abin da ya fi daɗi. To amma in ka bibiyi labarin manhajojin da aka yi wa kutse, ko waɗanda mutanensu suka wayi gari ba sa iya shiga, za ka ga yawanci daga nan bakin ƙofar matsala ta faro.

Abu ɗaya nake so mu tashi da shi yau. Hanyar da ake tantance mutum tana canzawa kullum, don haka dole ka tsara manhajarka yadda za ka iya cire wata hanya ka jona wata ba tare da ka rushe gidan ba. Kuma da zarar ka samu wannan dama, sai wani nauyi ya hau kanka, domin ƙofa mafi rauni a cikin ƙofofin da ka jona ita ce ainihin tsaron manhajarka. Bari mu bi shi sannu a hankali.

Mu fara da abin da ya faru a idonmu. A ranar 4 ga Yuni 2021 gwamnatin Najeriya ta sanar da dakatar da Twitter, kuma ba a buɗe shi ba sai 13 ga Janairu 2022. Wata bakwai ke nan. Yanzu ka ɗauka kana da manhaja, kuma hanya ɗaya tak da mutane ke shiga ita ce ta asusunsu na Twitter. Manhajarka lafiyarta ƙalau, babu wanda ya dakatar da ita, amma ƙofarta na hannun wani. Duk mai son shiga daga Najeriya sai ya nemi VPN. A cikin 2021 dai, ranar 4 ga Oktoba, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke na kusan awa shida. Shafukan da suka dogara da maɓallin shiga da Facebook su ma abin ya shafe su. Sai kuma 2024, lokacin da aka rufe layukan wayar da ba a haɗa su da NIN ba. Wanda asusunsa ke rataye a kan lambar da ake turowa ta tes zuwa wannan layi, shi ma ya tsaya a waje.

Wani lokacin ma hanyar ce ke mutuwa ɗungurungum. Mozilla, masu Firefox, sun taɓa yin tsarin shiga mai suna Persona, suka rufe shi a 2016. Google ya rufe hanyar shiga ta Google+ a 2019. Kun ga ke nan, babu kwaɗon da zai dawwama.

To wannan matsala ba yau aka fara ta ba. Kalmar sirri ta shigo kwamfuta tun farkon shekarun 1960 a jami'ar MIT ta Amurka, a kan wani tsari mai suna CTSS wanda Fernando Corbató ya jagoranta. Mutane da yawa ne ke amfani da kwamfuta ɗaya, sai aka ba kowa kalmarsa don kada wani ya leƙa fayilolin wani. Daga baya tsarin Unix ya gaji wannan. A Unix akwai ƙananan manhajoji da dama da ke buƙatar sanin ko kai wane ne: wadda ke karɓar ka idan ka zauna gaban kwamfuta, wadda ke ba ka damar zama babban mai iko, wadda ke canza kalmar sirri, wadda ke karɓar masu shigowa daga nesa don ɗaukar fayil. Kowace ɗaya daga cikinsu tana da nata rubutun tantancewa a cikinta. Ita za ta buɗe fayil ɗin kalmomin sirri da kanta, ta duba da kanta.

Ranar da aka ce za a sauya tsari, misali a ɓoye kalmomin sirri a wani fayil na daban da ba kowa ke iya karantawa ba, ko a koma amfani da Kerberos wanda shi ma a MIT aka ƙirƙiro shi, sai an bi waɗannan manhajoji ɗaya bayan ɗaya an gyara, an sake haɗa su. In aka manta da guda ɗaya, to ita ce ɓarakar. Kamar mutum ne ya gina gida mai ƙofa goma, kuma kowane kwaɗo ya sa magini ya binne shi a cikin siminti. Ranar da makulli ya ɓata, sai an fasa bango goma.

A 1995 wasu injiniyoyi biyu na kamfanin Sun Microsystems, Vipin Samar da Roland Schemers, suka fito da mafita da ake kira PAM. Ma'anar sunan a Hausance ita ce ɓangarorin tantancewa da ake iya jonawa a cire. Dabarar mai sauƙi ce. Manhaja ta daina tantance mutum da kanta. Abin da za ta yi kawai shi ne ta tambayi PAM: wannan mutumin da ke bakin ƙofa, shi ne wanda ya ce shi ne? PAM zai duba wani ɗan fayil da mai kula da kwamfutar ya rubuta, ya ga waɗanne ɓangarori aka ce ya tambaya, ya tambaye su bi da bi, ya dawo da amsa: e ko a'a. Manhajar ba ta san ko kalmar sirri aka duba ba, ko zanen yatsa, ko kati. Kuma ba ruwanta.

Ku tuna da zaure a gidajenmu. Mutanen cikin gida ba sa fitowa su binciki kowane baƙo. A zaure ake tsayar da shi, a nan ake sanin ko wane ne, a nan ake yanke ko zai wuce. Yau maigida ne a zauren, gobe babban ɗansa, jibi maigadi. Tsarin cikin gida bai canza ba.

Har yau wannan tsari na nan daram. In kana da Linux, leƙa cikin /etc/pam.d za ka ga fayiloli, kowace manhaja da nata. macOS da FreeBSD su ma suna amfani da irinsa. In kana so kwamfutarka ta riƙa buɗewa da yatsa, akwai ɓangare mai suna pam_fprintd. In kana so sabarka ta riƙa neman lambar nan mai shida da ke canzawa, akwai ɓangaren Google Authenticator. Layi ɗaya ko biyu za ka ƙara a fayil, shi ke nan.

Akwai darasi biyu a cikin PAM da nake so duk mai haɗa manhaja ya riƙe, ko da bai taɓa buɗe Linux ba.

Na farko, PAM ya raba aikin ƙofa gida huɗu. Gida na ɗaya: shin kai ne? Gida na biyu: to ko da kai ne, an yarda ka shiga yanzu? Wataƙila asusunka ya ƙare, ko an dakatar da kai, ko ba lokacin aikinka ba ne. Gida na uku: yaya za ka canza sirrinka? Gida na huɗu: me za a shirya maka idan ka shiga, me za a kwashe idan ka fita? Ku lura da bambancin na ɗaya da na biyu. Ma'aikacin da aka sallama jiya har yanzu ya san kalmar sirrinsa, kuma shi ɗin ne da gaske. Tambaya ta biyu ce za ta hana shi shiga. Manhajoji da yawa suna cakuɗa waɗannan tambayoyi wuri guda, sai ka ga an dakatar da mutum ta hanyar kalmar sirri amma yana shigowa abinsa ta maɓallin Google, saboda binciken dakatarwar a cikin ƙofa ɗaya kawai aka rubuta shi.

Na biyu, jeri. A PAM kowane ɓangare ana ba shi matsayi. Akwai wanda yake dole, in ya ce a'a to ba shiga, amma za a ci gaba da tambayar sauran kafin a faɗa maka, don kada ɓarawo ya gane a wane mataki ya faɗi. Akwai wanda shi ma dole ne, amma in ya ce a'a nan take ake korar ka. Akwai wanda ya wadatar, in ya ce e, kuma babu wani na dole da ya ƙi a gabansa, an gama, ba a ma tambayar na ƙasa. Sai kuma na ganin dama, wanda amsarsa ba ta cika yin tasiri ba.

Wannan na ukun, mai wadatarwa, a nan haɗarin yake. Akwai wani ɓangare mai suna pam_permit wanda aikinsa kawai ya ce e ga kowa. In wani ya yi kuskure ya sa shi a saman jeri da matsayin mai wadatarwa, duk wanda ya zo ya shiga, ko da kuwa akwai kwaɗo biyar masu ƙarfi a ƙasansa. Haka kuma kuskure ɗaya ta ɗaya ɓangaren zai iya kulle kowa a waje har da kai. Shi ya sa tsofaffin hannu ke cewa in za ka taɓa fayilolin PAM, ka bar wata taga a buɗe da ikon babban mai kula, ka gwada shiga ta wata tagar daban, sai ka tabbatar komai daidai sannan ka rufe ta farkon.

To yanzu wani zai ce, malam, ni fa manhajar waya nake haɗawa, ko shafin intanet, ina ruwana da Unix? Ai wannan tunani shi ne ya bazu ko'ina. In da Django kake aiki, akwai jerin hanyoyin tantancewa a cikin saitinsa. Yana gwada su ɗaya bayan ɗaya, wadda ta fara cewa e ita ce ta yi nasara. Kun ji ko? Wato a Django kowace hanya da ka jona mai wadatarwa ce. In da Node.js kake, akwai Passport, mai ɗaruruwan dabarun shiga da ake jonawa. Laravel yana da nasa masu gadin. Java tana da JAAS, wanda kai tsaye daga PAM aka ɗauko fasalinsa. In kuma ba ka son ɗaukar nauyin da kanka, akwai irin su Keycloak da Firebase Authentication da za su tsaya maka a zaure. Suna ne ya bambanta, ginin ɗaya ne.

Bari mu duba hanyoyin da aka fi jonawa, da abin da kowace ke buƙata daga gare ka.

Kalmar sirri. Doka ta farko, ba a ajiye ta yadda mutum ya rubuta ta. Ana niƙa ta ne ta hanyar lissafi, kamar yadda ake niƙa gero ya zama gari. Daga gari ba ka iya komawa tsaba. Idan mutum ya zo shiga, sai a niƙa abin da ya rubuta a kwatanta gari da gari. Kafin a niƙa kuma ana barbaɗa wa kowace kalma wasu haruffa na daban da ake kira gishiri, don ko mutum biyu sun zaɓi kalma iri ɗaya garinsu ya bambanta. Robert Morris da Ken Thompson sun yi bayanin wannan gishiri tun 1979. Amma a 2012 aka sace kalmomin sirrin LinkedIn, kusan miliyan 6.5 suka fara bayyana, aka tarar an niƙa su da SHA-1 ba gishiri. A 2016 aka gano cewa asusun da abin ya shafa sun haura miliyan 100. Shekara 33 bayan an san maganin!

Kuma injin niƙan ma ana son mai nawa, wanda zai ɓata wa ɓarawo lokaci in yana gwada biliyoyin kalmomi. Shi ya sa ake amfani da bcrypt, wanda Niels Provos da David Mazières suka fitar a 1999, ko Argon2 da ya lashe gasar masana a 2015. A nan ma jonawa na da amfani. Django yana rubuta sunan injin da aka yi amfani da shi a jikin kowane gari da ya ajiye. Ranar da ka sa sabon inji a saman jeri, duk wanda ya shiga da tsohuwar kalmarsa za a sake niƙa ta da sabon injin, shi bai ma sani ba.

Lambar tes. A wajenmu wannan hanya tana da farin jini, kuma da dalili. Mutane da yawa suna da layin waya amma ba sa buɗe imel, wasu ma mai shagon waya ne ya buɗe masu imel ɗin, ba su san kalmar sirrinsa ba. Don haka ba zan ce maka ka jefar da ita ba. Amma ka san rauninta. Ana iya yaudarar kamfanin waya a mayar da layin mutum kan wani sim. Haka aka yi wa Jack Dorsey, shugaban Twitter na lokacin, a watan Agustan 2019, aka riƙa wallafa abubuwa da sunansa a dandalinsa na kansa. Ana sace waya a zare sim. Ana kiran mutum a ce daga banki ne, karanto mana lambar da ta shigo. Sannan layin da aka daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sake sayar da shi ga wani. Sabon mai layin in ya sauke manhajarka ya sa lambarsa, asusun wa zai tarar?

Lamba mai canzawa. Wannan ita ce ta cikin manhajoji irin su Google Authenticator. An fitar da ƙa'idarta a 2011. Wayarka da sabar suna da wani sirri da suka yi tarayya a kai, kowannensu yana haɗa shi da agogo ya fitar da lamba shida, yawanci duk daƙiƙa 30. Ba ta buƙatar sabis, ba ta buƙatar data, ba ruwanta da sim. Amma ita ma in aka yaudare ka ka rubuta ta a shafin bogi, ɓarawo zai iya amfani da ita kafin ta canza.

Shiga da Google, Facebook ko Apple. A ƙarƙashin wannan maɓalli akwai ƙa'idoji biyu. OAuth 2.0 ta fito a 2012, kuma asalinta don ba da izini aka yi ta, wato ka ba wata manhaja damar taɓa wani abu naka ba tare da ka ba ta kalmar sirrinka ba. Sai OpenID Connect a 2014, wadda aka ɗora a kanta don amsa tambayar wane ne wannan. Google zai miƙo wa manhajarka wata takardar shaida mai sa hannu. Aikinka ne ka duba sa hannun, ka duba wa ya bayar da ita, ka duba cewa domin manhajarka aka yi ta, ka duba ba ta ƙare ba. Kada ka rubuta wannan bincike da hannunka. Yi amfani da kayan aikin da dubban mutane suka riga suka gwada. Manya ma suna zamewa a nan. A 2020 wani mai bincike ɗan Indiya, Bhavuk Jain, ya gano ɓaraka a tsarin shiga da Apple da za ta iya ba mutum damar karɓar shaida da imel ɗin wani. Apple ya biya shi dala 100,000.

Sai sabuwar hanya, mabuɗin da ke zaune a cikin na'ura, wanda ake kira faski. An tabbatar da ƙa'idar WebAuthn a 2019, kuma a watan Mayun 2022 Apple da Google da Microsoft suka sanar tare cewa za su faɗaɗa goyon bayanta. Wayarka na ƙirƙirar makulli biyu, na sirri ya zauna a wurinka, na fili ya tafi saba. Kai dai ka sa yatsa ko fuska ko lambar buɗe waya. Babban amfaninsa shi ne makullin a ɗaure yake da adireshin shafin na gaskiya, don haka shafin bogi ko ya yi kama da na asali kamar an tsaga kara, wayar ba za ta ba shi komai ba. Wanda ya tsara ƙofarsa da soket, ƙara wannan hanya aikin kwanaki ne. Wanda ya binne kwaɗo a bango, sai ya sake gini.

Yanzu mu zo kan kuskuren da ya fi yawa. Me za ka riƙe a matsayin sunan mutum na dindindin a rumbun bayananka? Da yawa suna ɗaukar lambar waya ko imel. Kada ka yi haka. Ba kowane mutum wata lamba taka ta cikin gida wadda ba ta canzawa har abada. Odarsa, kuɗinsa, saƙonninsa, duk a rataye su a kan wannan lamba. Sannan ka yi wani tebur na daban na hanyoyin shiga: wannan mutum yana da layin waya kaza, yana da asusun Google kaza, yana da faski kaza. Mutum ɗaya, makullai da yawa. In layi ya ɓata, ka goge layi ɗaya a wannan tebur, mutumin da dukiyarsa suna nan.

Kuma ka yi hattara wajen haɗa asusu biyu don kawai imel ɗinsu ya zo ɗaya. A 2023 masu bincike na kamfanin Descope suka nuna wata ɓaraka da suka kira nOAuth. A tsarin Microsoft na kamfanoni, mutum na iya buɗe nasa rukunin ya rubuta imel ɗin da ya ga dama a asusunsa ba tare da an tabbatar nasa ne ba. Manhajojin da ke gane mutum ta imel ɗin da ke jikin takardar shaida sai su ɗauka mai asusun ne ya dawo, su buɗe masa. Maganin shi ne ka dogara da lambar dindindin da mai ba da shaidar ya ba mutumin, haɗe da sunan mai ba da shaidar. In kuma mutum na son ƙara sabuwar hanya a asusunsa, to ya fara shiga ta tsohuwar tukuna.

Akwai wata ƙofa da ake mantawa da ita, ita ce ta na manta kalmar sirrina. Ita ma ƙofa ce cikakkiya, kuma mai wadatarwa ce. In ƙofar gaba tana neman kalmar sirri da lamba mai canzawa, amma ta baya tana neman sunan garin da aka haife ka kawai, to tsaron manhajarka shi ne sunan garin. Ɓarawo ba ya zuwa ta inda aka fi tsaro. Haka ma'aikatanka da ke taimaka wa masu matsala, su ma ƙofa ne. A watan Yulin 2020 masu kutse suka yaudari wasu ma'aikatan Twitter ta waya, suka kai ga kayan aikin cikin gida, suka taɓa asusu 130, ciki har da na Barack Obama da Joe Biden da Elon Musk da Bill Gates, suka yi damfarar Bitcoin ta fiye da dala 100,000. Ba su buƙaci sanin kalmar sirrin ko ɗaya daga cikin mutanen nan ba.

Saura abu ɗaya, abin da ke faruwa bayan an shiga. Ba a tambayar ka kalmar sirri a kowane shafi, saboda da ka wuce zaure an ba wayarka wani tikiti da take nunawa a madadinka. Duk wanda ya riƙe wannan tikiti, kai ne a idon saba. A watan Satumban 2018 Facebook ya sanar cewa an sace irin waɗannan tikitoci ta wata ɓaraka a wurin da mutum ke duba yadda wasu ke ganin shafinsa. Da farko sun ce asusu kusan miliyan 50, daga baya suka ce kusan miliyan 30. Sai da suka fitar da mutum miliyan 90 daga asusunsu don su kashe tsofaffin tikitoci. Ka tambayi kanka, in haka ta same ka yau da dare, kana da hanyar kashe duk tikitocin mutum ɗaya, ko na kowa da kowa, a lokaci guda?

Don haka ko ta wace ƙofa mutum ya shigo, wuri ɗaya ne ya kamata ya ba da tikiti. A nan za a duba ko an dakatar da shi. A nan za a ba shi sabon tikiti fil, kada a ci gaba da wanda yake riƙe da shi kafin ya shiga. A nan za a rubuta ta wace ƙofa ya zo da kuma yaushe. In ya canza kalmar sirri, a kashe sauran tikitocinsa. In zai yi abu mai nauyi, kamar tura kuɗi ko canza lambar waya, a sake tantance shi ko da yana ciki. Sannan a taƙaita yawan gwaji a kowace ƙofa. Lamba shida hanyoyi miliyan ɗaya ne kacal, kwamfuta ba ta gajiya in ba ka tsayar da ita ba. Kuma in mutum ya yi kuskure, saƙon ya zama iri ɗaya, kada ka ce masa wannan lambar ba ta da asusu a nan ko kalmar sirrin ce ba daidai ba, domin ka ba ɓarawo rabin amsa ke nan.

Na san wani zai ce, duk wannan ai na manyan kamfanoni ne, ni manhajar makarantar islamiyya nake yi, ko ta adashe, ko ta shagon magani. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mutanen da suka sa lambarsu a manhajarka amana suka ba ka. Da yawa kalmar sirri ɗaya suke amfani da ita a ko'ina, har da inda kuɗinsu yake. In ta zube daga wurinka, ba a wurinka ɓarnar za ta tsaya ba. Kuma abin da muka lissafa ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, yawancin kayan aikin kyauta ne. Yana buƙatar dai ka yi tunaninsa tun ranar farko, lokacin da masu amfani da manhajar ba su wuce goma ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga aikin gida na wannan mako. Ɗauki takarda ka lissafa duk hanyar da mutum zai iya zama a cikin asusu a manhajarka: kalmar sirri, tes, Google, na manta, ma'aikacin da ke iya sake saiti, har da tsohon asusun gwaji da ka buɗe ka manta. A gaban kowace ka rubuta amsar tambaya biyu. In ɓarawo ya zo ta nan, me yake buƙata? In wannan hanya ta mutu gobe da safe, ta ina mutanena za su shiga? Wadda ta fi sauƙin amsa a tambaya ta farko, da ita za ka fara gyara. Wanda kuma ba ya haɗa manhaja, shi ma yana da nasa aikin: buɗe saitin asusunka na Google ko Facebook, ka duba wace lambar waya ce a kai, ka tabbatar har yanzu a hannunka take, ka ƙara hanya ta biyu, ka rubuta lambobin ko-ta-kwana a takarda ka adana.

A nan za mu dakata. Wanda ya amfana ya tura wa abokinsa mai koyon wannan sana'a. Allah ya tsare mana amanar da aka ba mu, ya sa albarka a abin da muke koyo. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.